Kogin da Ba Ruwa

Ignacio, gyara wuyan rigarka, matso kusa.
Shekara ashirin da shida ina raba karta a Reno,
yatsuna sun san hamsin da biyun nan
kamar yadda harshe ya san haƙora.
Lissafin, mako ɗaya ya ishe ka.
Yaren ne aiki.

Tun kafin a ga kati, mutum biyu sun zuba kuɗi.
Su ake kira makafi, ƙarami da babba,
alhali idonsu garau.
Makantar zagaye take yi ta hannun hagu,
kujera bayan kujera,
ba ta san mai naɗi ba balle mai hula.

Abin da ya taru a tsakiya, tukunya.
Ba wuta a gindinta, amma tafasa take.
Gidan kuma yana da manjagara,
kowane zagaye mu kankare ɗan ƙanzo.
Kada ka ji nauyi, da shi fitilun nan ke ci.

Katin sama ka ƙone shi, ba da ashana ba,
tura shi kife ya tafi da sirrinsa.
Ka buɗe uku. Sai juyi.
Na ƙarshe sunansa kogi.

Akwai na gaske a bayan ginin nan, Truckee,
mai sanyi, daga duwatsu yake gangarowa,
can nake cin abincin rana.
Ban taɓa ganin ya ci kowa ba.
Wannan na kan tebur bai kai tafin hannu ba,
amma a gabana ya cinye motar ɗaukar kaya,
zoben aure biyu,
da shagon gyaran taya na wani ɗan Sparks.

Wanda ya shigo da fara'a yana tambayar layin wa,
kifi ke nan.
Ba a faɗa a gabansa.
Wanda ya sha kaye ya hau zuba kuɗi da fushi,
sai a ce ya karkata, kamar tulu a kan gammon banza.

Ga wadda ta fi tsaya mini a wuya: jan gawa.
Kana neman kati, kana ƙirga sa'a,
alhali duk cikin tarin babu mai cetonka.

Delmar Haskett ne ya koya mini nauyinta.
Tsohon direban jirgin ƙasa, kujera ta bakwai, kowace Alhamis.
In zai yi burga sai ya taɓa kunnen hagu,
kowa ya sani, ba wanda ya gaya masa.
Wani dare ya zo daga asibiti, warin magani a rigarsa,
ya sami kaboyi biyu, sarakuna ke nan,
ya tura komai, ya ce: duka.
Oanh Truong ta kira, ta baje nata.
Tun a juyi an gama da shi.

Na tsaya da kati a hannu.
Ya ce, Loretta, na sani.
Yau likita ya gaya mini haka game da Verna,
da nasa yaren, mai dogayen kalmomi.
Buɗe kogin dai. Na biya kuɗin gani.

Na buɗe. Huɗu ce, ba ta kowa ba.
Bai taɓa kunnensa ba.
Ya miƙa mini dala biyu, ya ɗauki hularsa.

Ga abin da ba ya cikin takardar horonka.
Muna da suna ga makaho, ga kifi, ga gawa,
amma in mutum ya miƙe ya nufi ƙofa
ba mu da kalmar raka shi.
Sai dai ka ɗaga hannu, ka ɗaga murya,
ka ce: kujera a buɗe.

Wanke katin, yaro. Ana jiranka.