Koren Sabulun Kaka Hulusi

A Ayvalık, bayan kasuwar kifi,
inda iskar teku ke cinye fentin ƙofofi,
kakana Hulusi ya shekara hamsin da ɗaya
yana dafa man zaitun har ya zama sabulu.
Ni kuwa, Gülizar, hutun makaranta ya kawo ni,
kwamfuta a jaka, baki cike da alkawari:
"Kaka, zan gina maka shago a intanet,
wanda ba ya rufewa ko ka tafi masallaci."

Manhaja ta baje mini ƙira ɗari biyu
kamar ɗan kasuwa da safiyar cin kasuwa.
Na zaɓi mai shuɗi, mai igiyar ruwa tana motsi,
na jawo hoto nan, na sauke shi can,
na sauya haruffa sau tara kafin la'asar.

Ya leƙo ta kafaɗata, tabarau a karan hanci,
hannunsa na ƙanshin toka da ganye.
"Wannan na masu kifi ne. Sabuluna kore ne."
Na danna kore.
"Na ciyawa."
Na danna wani.
"Na kwalba."
Sai ya ɗauko guda daga kan katako,
wanda ya yi wata shida yana shan iska,
ya manna shi a jikin allo.
Ina juya lambobi shida, yana girgiza kai,
har shayi ya huce a ƙananan kofuna,
har ya ce, "To. Ya yi kusa."
A bakinsa wannan kirari ne.

Sai tambari. Mahaifinsa ya sassaƙa shi a itace,
harafin farko a karkace kamar mai gyangyaɗi.
Manhaja ta dage sai ta miƙar da shi,
ta tura shi tsakiyar da'ira,
ta yanke tsagar da ke gefe.
Na kwana neman inda ake hana ta gwaninta.
Ashe wani ɗan akwati ne can ƙasa,
ka cire masa alama, shi ke nan.

Kwaɗayi mabuɗin wahala.
Na ƙara kwandon saye, na ƙara taswira,
na ƙara mai fassara zuwa harsuna huɗu,
da mai ƙirga baƙi, da mai yayyafa taurari,
ranar Laraba na danna "sabunta duka".
Allo ya yi fari fat.
Ba sabulu, ba kore, ba ko sunansa.
Na ce masa kaina ke ciwo.

Da tsakar dare na tuna ajiyar ranar Litinin.
Na dawo da ita, zuciya na dukan uku-uku,
na riƙa cire kaya ɗaya bayan ɗaya
har na kama ɓarawon: mai taurarin ne.
Na bar kwando. Na bar taswira.
Sauran na sallame su ba ko godiya.
Da safe, yana motsa tukunya, bai ko dube ni ba:
"Ita ma in ka cika mata kaya, amai take yi."

Kwana goma sha ɗaya, shiru.
Sai waya ta yi ƙara: ciniki na farko, guda uku!
Na duba adireshi.
Şükran mai ɗinki ce,
wadda ƙofarta ke kallon tamu, taku ashirin.
Har kuɗin aikawa ta biya.

Kaka ya naɗe su a takarda, ya ɗaure da zare,
ya sa hular da yake sawa ranar Juma'a,
ya tsallaka titi a hankali
kamar mai kai saƙo Istanbul.
Ya daɗe.
Ya mayar mata da kuɗin aikawa,
ya dawo da farantin ɓaure,
ya ja kujera ya zauna kusa da ni.

"Ta ce a wayarta koren ya yi duhu.
Buɗe mu gani."