Masu Shiga Ba Sallama

A ɗakin shan magani na Harbo, da hantsi,
na kunna kwamfuta, na buga lambar sirri.
Kafin in gyara zama
manhajoji bakwai sun riga ni shiga,
har da wadda ban san asalinta ba.

Sun yi wa batirin sola wawa.
Tabawa na kan benci, goyonta jiki zafi,
fayil ɗinta ya ƙi buɗuwa.

Ilu mai gyara ya ce ni na ba su izini,
ranar da na danna "to" ban karanta ba.

Yau na tsare zaure:
ke, wa ya aiko ki?
Shida na sallama.
Mai lissafin rigakafi kaɗai na bari,
ita ma, ta riƙa sallama.