Katafila da Takarda

Shekara goma sha bakwai ina bisa katafila.
Na san ƙarar bulo in ya faɗi, na san ta ginin laka,
na san kukan kwano in haƙoran ƙarfe sun kama shi.
Ni ne hannun hukuma, hannu kuwa ba ya tambaya.

Wata Talata aka tura mu Karmo,
'yan sanda a gaba, Injiniya Bawa a baya,
gida talatin da huɗu an shafa musu jan fenti.
Hantsi bai dubi ludayi ba na tayar da inji.

A ƙofar gida na uku wata mata ta tsaya,
Asabe mai ɗinki, tef ɗin awo rataye a wuyanta.
Ba ta yi kururuwa ba, ba ta kwanta a gabana ba,
takarda ta ɗaga, guda ɗaya tak,
da hatimin kotu, gefenta ya jiƙe da gumin hannu.

Na yi dariya a ciki.
Tan ashirin ke ƙarƙashina,
wannan kuwa iska ma ta isa ta ƙwace ta.

Injiniya ya karanta, ya sake karantawa,
ya koma gindin mangwaro ya yi waya, wayar ta yi tsawo,
ya dawo ya yi mini alama: kashe.
Na kashe.
Shirun da ya sauka, har kukan 'yan tsaki na ji a bayan gida.

Da dare na ba ɗana Tanimu labari,
shi da ke karatun lauya a Gwagwalada da gumin wannan kujera.
Na ce yau gwamnati ta ji kunya.
Ya ce, Baba, ba kunya ba ce, birki ne.
Za ka yarda ka gangaro daga Mpape a katafila marar birki?
Ya jawo kundin tsarin mulki, bangonsa duk ya yage,
ya ce gwamnatin kanta a nan aka yanke mata cibiya,
a nan aka ce mata ga gonarki, ga inda ta tsaya.
Na ce to, an ɗaure ta ke nan.
Ya ce kogin da ba shi da gaɓa fadama ne,
ba ya kai kwalekwale ko'ina.
Na ja bakina. Ban saba yaro ya kayar da ni ba.

Damina ta kankama aka tura mu Lokogoma,
inda ruwa ke kwana a ɗakunan mutane.
Wani mai hannu da shuni ya ja katanga a kan hanyar ruwa,
tsayin mutum biyu, da wayar lantarki a bisa.
Ya fito da masu gadi, waya biyu a hannu,
yana kiran sunayen da ke sa gwiwa ta yi sanyi.
Injiniya bai nemi gindin mangwaro ba.
Ya zaro takarda daga aljihu, guda ɗaya,
hatimi irin wancan,
ya yi mini alama: shiga.

Ban taɓa jin inji ya yi mini sauƙi kamar ran nan ba.
Katanga ta durƙusa, ruwa ya tuna hanyarsa.

Ban ce kullum haka ake yi ba.
Na rushe gidajen da takardarsu ta iso da la'asar,
mu kuwa mun gama tun azahar.
Waɗannan su ke zuwar mini cikin barci.

Amma yanzu kafin in murza makulli
nakan ce, Injiniya, ina takarda?
Yakan harare ni, sannan ya nuna.

Rigar nan da ke jikina Asabe ce ta ɗinka.
Ta ɗan kama ni a kafaɗa,
amma da ita nake fita aiki.