Masaukin Tambur

Baba ya rasu bai bar raƙumi ba,
bai bar fili a Karkada ba.
Gwangwanin madara uku ya bari,
murafansu sun yi tsatsa,
cike da tambur.

Ba na wasiƙa ba, mai zuwa Agadas.
Na haraji ne, wanda ba ya tafiya ko'ina:
a lasa, a manna, a doke shi da hatimi,
ya zauna kan takarda har su tsufa tare.
Shekara talatin da ɗaya Abarshi ya yi
a ƙofar ma'aikatar magajin gari,
da tebur mai ƙafa uku, dutse ne ta huɗu,
yana rubuta wa mutane
abin da bakinsu ya sani, hannunsu bai iya ba.
Takardar da ta ɓaci, da wadda mai ita bai dawo ba,
shi ke kai su gida.

Na shiga Kasuwar Dole nema musu masauki.
Yaron kanti ya miƙo kundin hotuna,
shafi-shafi na leda, sai ƙyalli.
"Na biki ne," in ji shi, "amma komai na shiga."
Na saya. Na gwada guda goma.
Da bazara ta kama, duwatsun Birni suka ɗau wuta,
leda ta yi gumi,
ƙaron bayansu ya farka daga barcin shekaru.
Na dala arba'in ya rungumi shafi ya ƙi saki.
Da na ja, rabin fuskarsa ya biyo ni.
Ranar ban taɓa tuwo ba.

Kalla baduku ya ɗaga guda da hantsakin cire ƙaya,
ya duba gaba, ya duba baya.
"Ɗan takarda, takarda ce uwarsa.
Fatata ta tsaya daga waje,
jima na da ci, ko ta bushe."
Ya ɗinka mini bango ja,
ciki farar takarda mai kauri,
da ƴan aljihu shara-shara, kowa da ɗakinsa.
Ba gam, ba ƙaro, ba yawu.

Inna Tsahara ta kwashe zannuwa ta ba ni adakarta.
"Ɗora ta kan bulo huɗu.
Gara ba ta karatu, amma ta fi ka son takarda.
Nesa da randa.
Nesa da bangon gabas da damina ke mari.
Ka sa busasshen bedi a kusurwa."

Saura jeri.
Na fara da shekara, na rushe.
Na koma kuɗi: dala ashirin, arba'in, ɗari,
sai na ga haihuwa ta zauna kusa da gado,
izinin rumfa kusa da tarar jaki.
Na bar su haka. Haka layin yake a gaban Baba.

A gindin gwangwani na uku
akwai wadda ba a yanke ba, ninki huɗu.
Na riga na ɗuma ruwa a tasa
don in jiƙa, tambur ya saki.
Sai na buɗe.
Cinikin gona ce, kan hanyar Mirriya.
Babban yatsan mai saye, shuɗi, ya ɗan zame.
A ƙasa sa hannun Baba,
ba na marubuci ba wannan karon, na mai sayarwa.
Watan da ke jiki
shi ne watan da na hau mota zuwa Yamai karatu,
da sabon takalmi
da ban tambayi inda ya fito ba.

Ruwan ya huce a tasa.
Na zuba wa kaji.

Da safe na koma wajen Kalla.
Na ce a ƙara shafi ɗaya,
babba, wanda za ta kwanta ba ninki.
Bai karanta ba.
Ya auna da hannu, taƙi biyu ba yatsa uku,
ya ce bangon ma sai an sake,
in dawo ran Alhamis.