Mai Matsar Zaitun

A ƙauyenmu, can bisa duwatsun Lebanon,
inda gonar wani ke zaune a kafaɗar ta wani,
ni ne mai matsar zaitun.
Shekara talatin hannuna na ƙanshin mai.

Tanyus bai taɓa ɗaga mini murya ba.
Ran Lahadi shi ke riƙe mini ƙofar coci,
ya tambayi ciwon gwiwata, ya tambayi jikoki,
bakinsa ya fi man da nake tacewa santsi.
Da yamma kuwa, a shagon kofin Farid,
sai ya sassauta murya, ya kanne ido:
"Ni fa ban ce yana gauraya da man masara ba,
na dai ga jarkoki na shiga da dare."

Maganar ba ta kai nauyin ƙwallon zaitun ba,
amma kafin kaka ta wuce
buhuna sun manta hanyar ƙofata,
dutsen niƙa ya yi tsit.

Na wasa harshena, na tanadar masa nasa.
Nuhad ta ajiye burodi, ta buɗe Littafin
a shafin da yatsan uwarta ya koɗar.
Akwai, ta ce, mai kwana saƙar sharri a kan gado,
akwai harshen da ke aski ba ruwa,
kuma duk mai haƙa wa maƙwabci rami
ƙafarsa ce ta fi kusa da bakinsa.
"To, sai yaushe?" na ce.
"Ba a sa rana ba. Ci abincinka."

Daren ruwan farko na hunturu
ya fito da fitila da shebur,
ya toshe magudana don ambaliya ta bi ta kaina.
Ruwa ba ya jin raɗa.
Ya juya, ya ci gindin katangarsa,
ya kwantar da itatuwa goma sha tara
waɗanda kakansa ya dasa.
Da safe shebur na nan tsaye a laka,
da sunansa a ƙota.

Dariya ta taso mini har maƙogwaro.
Nuhad ta riƙe mini hannun riga:
"Bakin da ya faɗi ramin
shi ya hana murna in maƙiyi ya faɗi."
Wannan shafin ya fi wancan ɗaci.

Kwana uku ina ɗauko masa duwatsu,
gwiwata na zagina.
Bai ce yi haƙuri ba, ban ce na sani ba.
Buhunan ma rabi ne suka dawo.

Jiya a shagon Farid aka matso da kujeru:
"Mikha'il, wai me ya faru daren nan?"
Labarin ya hau kan harshena,
zaƙi kamar ɓauren da ya nuna.
Na ji yadda Tanyus yake ji.

Na ɗaga kofi, na haɗiye shi har da gari.
"Ruwa aka yi," na ce, "mai yawa."