Kwalayen da Luba ta aiko

Daren jajibere direba ya kira:
"Ku zo tasha, akwai saƙo daga Fatakwal,
ku nemo keke mai ƙafa uku, ba zai hau babur ba."
Inna ta ce fanka ce, ta tsaye,
har ta share mata gurbi kusa da gado.

Kwali biyu dogaye, ɗaure da roba,
na uku gajere, mai nauyin ɗan yaye.
Muka biyo da su ta Gawon Nama,
ragunan da ba a saya ba suna kallonmu,
Sahabi ya rungume nasa kamar za a ƙwace.

Shekara bakwai Luba na aiko shadda.
Bana ta rubuta da biro a bayan kwali:
"Na gaji da jin kuna dukan murfin tukunya.
Mai tsirkiya shida ta Nafi'u,
mai huɗu, mai kaurin murya, ta Sahabi.
Kada ku sayar."
Ta ja layi biyu a ƙarƙashin wannan.

Tawa ja ce, jan akuyar garinmu.
Tasa baƙa, doguwar wuya, ta fi shi tsayi in ya zauna.
Ga akwatin sauti, ga waya mai tsini,
ga ɗamarar ratayawa tana warin sabon takalmi,
ga 'yan robobi uku masu faɗin farce;
Uwani ta jefa biyu a asusunta kafin mu san amfaninsu.

Ranar Sallah ba wuta tun kafin a sauko idi.
Jita ba wuta, ashe sauro ce:
sai ka kai kunne ka ji tana ƙorafi.
Muka zauna a zaure da maiƙon rago a yatsu,
tsirkiya na zamewa, tana yanka,
zafin Mabera yana kwance abin da muka ɗaure.
Duk abin da na taɓa, kuka yake fita.

Baba Ɗan'ige ya daɗe yana kallo daga kan buzu.
Ya rataye garayarsa tun shekarar da ya je Makka,
gara ta ci ƙoƙon, bai ce uffan ba.
"Mi na na? Shida?
Tawa biyu ta, kuma ba abin da ba ta hwaɗi ba."
Ya miƙo hannu, ba wajena ba.
Ya ɗora baƙar a cinya,
ya manna kunne a jikin katakon
kamar mai sauraren cikin saniya,
yana murɗa kunnenta kaɗan kaɗan,
har aka kira isha'i, har aka gama suya,
har mu muka yi barci a kan kwalaye.

Ƙarfe biyu na dare aka kawo wuta.
Mun manta akwatin a kunne, a ƙure.
Babban yatsan tsoho yana kan mai kaurin.

Kwanon rufi ya amsa.
Zabbin maƙwabta suka watse,
ruwan randa ya yi rawa,
na ji abin a haƙarƙarina kafin ya iso kunne.
Bai tsaya ba. Tsirkiya biyu kawai ya taɓa,
sauran biyun ya bar su kamar baƙin da ba a gabatar ba,
idonsa a rufe, leɓensa na motsi da sunayen
maharban da duk sun riga mu gidan gaskiya.

Inna ta leƙo da tocila:
"Ni dai da fankar ce."
Amma ba ta koma ciki ba.

Sahabi ya naɗi minti ɗaya a waya ya tura.
Luba na aikin dare a asibiti, ta amsa nan take:
"Kai, yaushe ka iya haka?"
Baba ya ajiye ta a hankali, ya goge wuyanta da hularsa.
"Kak ku hwaɗa mata.
Gobe in an kawo wuta, ku tashe ni."