Ɗan Haya a Cikin Ƙumba

Wata guda ke nan rana ba ta leƙo tsibirin Senja ba.
Da azahar ma sai mun kunna fitila.
A rumfar katako ta bakin gaɓa
Goggo Aslaug na ɓare ƙumba da guntuwar wuƙa,
yatsunta jawur, gishiri ya tsattsaga su.

Ta buɗe wata babba, baƙa wuluk, sai ta dakata.
"Gunvor, zo ki gani."

Can cikin tattausan nama wani abu ya motsa,
bai kai ƙwayar shinkafa ba,
ɗan dangin jatan lande, fari sol, har kana hango hanjinsa,
ƙafafu kamar gashin ido.
Haske ya dame shi, ya ƙara lafewa.

Na ce, ɓarawo ne?
Ta ce, oho.
Ƙumba dai tana zuƙar ruwa dare da rana,
tana tace abin da teku ya aiko,
shi kuma yana bakin akushi yana tsintar ɓarɓashi.
Waje akwai kifi, akwai igiyar ruwa mai jifa da dutse.
Ciki ƙofa biyu ce, in ta rufe ta rufe.

Na ce, to me yake biya?
Ta share wuƙa a gefen riga.
"Masu bincike daga Tromsø sun zo bara da kwalabe,
suka auna, suka rubuta, suka tafi.
Ɗaya ya ce shara yake mata.
Ɗaya ya ce ci-ma-zaune ne."

Ta taga ina ganin ɗakin baya,
hayaƙi na fita ta bututu.
Kawu Eilif ke ciki.
Daren da jirginsa ya nitse ya zo, jiƙe sharkaf,
ya ce mako ɗaya zai yi.
Bana shekara goma sha bakwai.
An ce baƙo raɓa ne;
a nan raɓa daskarewa take.

Ba ya magana. Ba ya komawa ruwa.
Amma ban taɓa farkawa na tarar da murhu a mace ba,
ko dusar ƙanƙara a bakin ƙofa.

Goggo ta haɗe ɓawon biyu a hankali,
ta fita cikin iska ba hula,
ta durƙusa kan dutse mai santsi
ta mayar da su ruwa, mai gida da baƙonta.

Ta san wadda wuƙa ta shiga ba ta sake rufuwa.
Ni ma na sani.
Da ta dawo ta ce in kai wa Eilif miyarsa
tun ba ta huce ba.